FASHIN BAƘI: Shin akwai dabarar cin caca? Abin da lissafin karta ke nuna wa matasan Kebbe da Tambuwal

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005. Ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca a cikin iyakokinsu, ikon Majalisar Tarayya kuwa bai wuce Babban Birnin Tarayya ba. A takarda, hukuncin ya bai wa jiha irin Sakkwato damar rufe ƙofa gaba ɗaya. A zahiri kuwa caca ta riga ta bar shago ta koma cikin waya, inda babu ƙofar da za a garƙame.

Matashin da ke zaune a Kebbe, ko Kuchi, ko Tambuwal, ko Dogon Daji, ba ya buƙatar zuwa birnin Sakkwato kafin ya zuba kuɗi a kan wasan ƙwallon da ake bugawa a Ingila. Waya mai intanet da asusun OPay ko PalmPay sun wadatar. Abin da ke jan ra'ayin da yawa daga cikin masu shiga shi ne imanin cewa akwai dabara, wadda duk wanda ya laƙance ta zai riƙa ci. A kan wannan imani ne masu sayar da hasashen wasanni a WhatsApp da Telegram suka kafa kasuwarsu.

Hanya mafi adalci ta auna wannan da'awa ita ce a duba nau'in cacar da masana lissafi suka fi yi wa nazari, wadda kuma aka tabbatar ƙwarewa na tasiri a cikinta, wato wasan kartar da ake kira foka. Idan akwai inda dabara ke aiki, to a nan ne. Abin da dabarar ta ƙunsa, da iyakar abin da take iya samar wa mai ita, su ne ma'aunin da za a gwada cacar waya da shi.

Abin da ke cikin hatsari

Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai, a kudancin Jihar Sakkwato, yankin da rayuwa ta dogara da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sanya Sakkwato a matsayin jihar da ta fi kowace talauci, inda kusan mutum tara cikin goma ke cikin wannan hali. A irin wannan wuri, naira 500 da ta tafi a tikitin caca ba rarar kuɗi ba ce. Cinikin ɗan kabu-kabu ne, ko kuɗin cefane, ko wani yanki na kuɗin takin da za a kai gona.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An yi ta da wuri tun kafin zuwan kuɗin Turawa, daga baya aka koma karta. Amma ta dā tana da shamaki: sai an nemi wurin ɓuya, sai an sami abokan yi, kuma ɗan caca sananne ne a gari, ba a ɗokin ba shi aure ko amana. Waya ta kawar da wannan shamaki. Mutum zai iya rasa kuɗin amfanin gonarsa yana zaune a majalisa cikin abokai, ba wanda ya sani.

Yadda wasan yake

Nau'in foka da ya fi shahara shi ne Texas Hold'em, wanda ya samo asali a Jihar Texas ta Amurka a farkon ƙarni na 20, ya isa birnin Las Vegas a shekarun 1960. Ana yin sa da karta 52. Kowane ɗan wasa yana karɓar karta biyu a rufe, sannan a baje karta biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da haƙƙin amfani da su: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Wanda ya haɗa karta biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ke kwashe kuɗin da aka tara a tsakiya.

Ana zuba kuɗi sau huɗu a kowane zagaye. Duk lokacin da layi ya zo kan ɗan wasa, zaɓinsa uku ne idan wani ya riga ya zuba: ya ajiye kartarsa ya fita, ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai. A nau'in da ake kira mai ƙayyadadden zubi, ba a yarda mutum ya tura duk kuɗinsa lokaci guda ba. Idan tebur na naira 200 da 400 ne, misali, zubin farko da na biyu 200 ne, na uku da na huɗu 400, kuma yawanci ba a wuce ƙari uku a zubi ɗaya. Wannan ƙa'ida ta rage tasirin barazana da cika baki, ta mayar da wasan kusan lissafi zalla.

Hannu 169, mafi yawansu na zubarwa ne

Karta biyun farko na iya zuwa ta hanyoyi 1,326. Idan aka haɗe waɗanda ƙarfinsu ɗaya, sai su koma iri 169: tagwaye 13, masu alama ɗaya 78, masu alama daban-daban 78. Tagwaye, wato karta biyu masu lamba ɗaya, suna zuwa sau ɗaya cikin 17. Hannun da ya fi kowane ƙarfi, wato A guda biyu, yana zuwa sau ɗaya ne cikin 221.

A 1988, David Sklansky da Mason Malmuth suka wallafa littafin da ya zama madogara ga masu wannan wasa, inda suka kasa hannayen da suka cancanci a shiga da su zuwa rukuni takwas. A rukunin farko akwai tagwayen A, K, Q da J, sai A da K masu alama ɗaya. Duk hannun da bai shiga rukunan nan ba, shawararsu ita ce a ajiye shi. A tebur mai mutum tara ko goma, ƙwararren ɗan wasa yana ajiye kusan hannu huɗu cikin kowane biyar tun kafin a baje karta ko ɗaya a tsakiya.

Wurin zama ma yana da hukunci. Wanda layi ke fara zuwa kansa yana yanke shawara cikin duhu, domin bai san abin da mutum takwas ko tara da ke bayansa za su yi ba, saboda haka sai da hannu mai ƙarfi sosai yake shiga. Wanda ke ƙarshe ya riga ya ga wanda ya fita da wanda ya ƙara, don haka yana iya shiga da hannu matsakaici. Kartar da ake zubarwa a kujerar farko, ita ce ake ƙara kuɗi da ita a kujerar ƙarshe.

Ko hannu mafi ƙarfi ba ya ba da tabbas. Tagwayen A suna cin abokin karawa ɗaya kusan sau 85 cikin 100. Idan abokan karawa tara suka tsaya har ƙarshe, damar ta sauko zuwa kusan 31 cikin 100. Ma'ana, mai riƙe da kartar da babu irinta a tebur zai sha kaye sau biyu cikin uku.

Farashi kafin fata

Ginshiƙi na biyu shi ne kwatanta abin da za a biya da abin da ake fatan samu. A ɗauka ɗan wasa yana da karta huɗu masu alama ɗaya, yana jiran ta biyar, kuma karta ɗaya ce ta rage a baje. Kartar da bai gani ba 46 ce. Tara daga ciki za su cika masa hannu, 37 ba za su cika ba.

Idan zubin 400 ne, kuma akwai naira 2,400 a tsakiya, to a irin wannan yanayi sau 46 zai rasa 400 sau 37, wato 14,800, ya ci 2,400 sau tara, wato 21,600. Ya tsira da ribar 6,800, don haka biya shi ne daidai. Idan kuwa 1,200 ce kawai a tsakiya, cin nan sau tara zai ba shi 10,800, ya tashi da asarar 4,000. Karta iri ɗaya ce, damar ci iri ɗaya ce, amma a na farko biya hikima ne, a na biyu wauta. Farashi ne ya raba su.

Wannan shi ne jigon duk wata dabara ta gaskiya a caca. Ƙwararre ba ya tambayar kansa ko zai ci wannan karon. Tambayarsa ita ce ko kuɗin da za a biya shi idan ya ci ya zarce hatsarin da ya ɗauka. Duk da haka ribar siririya ce. Ma'aunin da aka daɗe ana ambato ga gwanin wasa mai ƙayyadadden zubi shi ne babban zubi ɗaya a awa guda, wato naira 400 a teburin misalinmu, kuma yana iya shafe makonni yana asara kafin lissafi ya dawo masa.

Ranar da kwamfuta ta ƙure wasan

A Janairun 2015, masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin Michael Bowling, suka sanar a mujallar Science cewa sun warware wannan wasa idan mutum biyu ne ke karawa. Manhajarsu mai suna Cepheus ta shafe kimanin wata biyu tana wasa da kanta a kan dubban injinan lissafi, har ta kai matsayin da ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana karawa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba.

Darasin da ke ciki ya wuce na fasaha. Idan aka zaunar da Cepheus biyu suna musayar kujera, a ƙarshe babu mai cin wani. Idan aka kawo mai gidan caca yana yankar la'ada daga kowane tulin kuɗi, kamar yadda ake yi a duk inda ake wannan wasa don kasuwanci, dukansu biyu za su tashi da asara. Ribar gwani ba daga karta take fitowa ba, daga kuskuren wanda bai kai shi iyawa ba ne. Wanda kullum yake da tabbacin samu shi ne mai tebur.

Labarin da duniya ta fi ji shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta daga Jihar Tennessee, wanda ya sami gurbi ta intanet da 'yan daloli kaɗan, ya lashe dala miliyan 2.5 a gasar foka ta duniya a 2003. Mutum 839 ne suka shiga gasar, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi rinjayensu sun koma gida hannu rabbana. Sunan mutum ɗaya aka riƙe. Haka tallan caca yake aiki a ko'ina, har a Najeriya: ana yayata hoton wanda ya ci miliyoyi, ba a ƙirga waɗanda kuɗinsu ya haɗu ya zama miliyoyin.

Daga tebur zuwa waya

Abin da matasan yankinmu suka fi sani shi ne cacar ƙwallo, wadda kamfanoni irin su NairaBet, da Akin Alabi ya kafa a 2009, da Bet9ja, da ya fara aiki a 2013, da SportyBet da BetKing suka yaɗa a faɗin ƙasa. A nan abokin karawarka ba wani ɗan wasa mai rauni ba ne. Kamfani ne, kuma shi ke yanka farashi.

A ɗauki kwabo da aka cilla sama, wanda damar faɗuwarsa ta kowace fuska rabi ce. Farashin adalci shi ne a ninka wa mai ci kuɗinsa sau biyu. A ce kamfani ya sa ninkin 1.90 a kowace fuska. Wanda ya zuba naira 1,000 a kowane ɓangare ya kashe 2,000, kuma ko wace fuska ta fito 1,900 za a ba shi. Naira 100 ɗin da ta ɓace, wato kashi biyar cikin 100, ita ce la'adar kamfani, kuma an riga an cire ta tun kafin alƙalin wasa ya busa usur. Irin wannan gibi yana cikin kowane farashi da ke kan allo, sai dai girmansa ya bambanta.

Ƙwararren ɗan karta yana ajiye hannu huɗu cikin biyar. Manhajar caca kuwa an gina ta ne domin kada mai ita ya huta. Akwai wasannin Turai da rana da dare, akwai ƙwallon kwamfuta da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna, akwai Aviator, wasan jirgin da ke tashi yana ninka kuɗi har ya ɓace. Kamfanin Spribe da ya ƙirƙiri Aviator ya bayyana cewa wasan na mayar wa 'yan wasa kashi 97 cikin 100 na abin da suka zuba. Kashi uku kamar ba komai ba ne. Amma wanda ya fara da naira 1,000, yana mayar da duk abin da ke hannunsa zagaye bayan zagaye har sau 50, abin da lissafi ke sa ran ya rage masa bai wuce naira 220 ba. Zagaye 50 kuwa ba ya cin awa guda.

Dabaru uku da ake sayarwa

Ta farko ita ce haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, domin naira 100 ta zama dubbai. A ce mutum ya zaɓi wasa goma, kowane yana da damar 70 cikin 100 ta fitowa yadda ya yi hasashe, wanda hasashe ne mai kyau ƙwarai. Damar dukansu goma su fito tare ba ta kai uku cikin 100 ba, wato kusan sau ɗaya cikin 35. La'adar kamfani ma tana hauhawa da kowane wasa da aka ƙara. Idan kashi biyar ce a wasa ɗaya, a wasa goma ta kusa kashi 40, a wasa 20 ta haura kashi 60. Shi ya sa kukan da aka fi ji a gidajen kallon ƙwallo shi ne wasa ɗaya ne ya yanke tikiti. Mai kukan yana ganin saura ƙiris ya ci, alhali abin da ya same shi sakamako ne da aka saba gani a irin wannan tikiti, kuma wannan jin na saura ƙiris shi ke mayar da shi gobe.

Ta biyu ita ce ninka zubi bayan kowace asara, bisa tunanin cewa ci ɗaya zai dawo da komai. Wanda ya fara da naira 100, ya koma 200, sannan 400, idan ya faɗi sau goma a jere ya rasa naira 102,300, adadin da ya zarce mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Duk wannan hatsari domin ribar naira 100 ne. Faɗuwa goma a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 1,024 ko da dama rabi da rabi ce, kuma mai yin caca kullum zai gamu da ita.

Ta uku ita ce sayen sakamakon da aka ce an riga an shirya. Yadda damfarar ke tafiya ba ya buƙatar sanin ƙwallo. Mai ita zai tara lambobin mutum 900, ya ce wa 300 masu gida za su ci, 300 baƙi za su ci, 300 kunnen doki za a yi. Dole rukuni ɗaya ya dace. Sai ya kasa waɗannan 300 gida uku a wasa na gaba, 100 su dace, sannan kimanin 33 a na uku. Waɗannan 33 sun ga hasashe uku a jere ya fito da idonsu, kuma a shirye suke su biya kowane farashi don na huɗu. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya san sakamakon wasa da gaske ba ya buƙatar naira 5,000 ɗin wani.

Nauyin da ya koma kan jiha

Sakkwato na cikin jihohi 12 na Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000, kuma hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne: Alƙur'ani ya ambace ta tare da giya a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya haramta su a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. A Kano, Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Oktoban 2024, kuma hukuncin Kotun Ƙoli ya raunana hujjar masu shagunan ta cewa suna da lasisin Gwamnatin Tarayya.

Sai dai rufe shago yana maganin abin da ido ke gani ne kawai. Kuɗin na bi ta asusun waya, tallan na shigowa ta Facebook da TikTok da allunan da ke kewaye da filayen wasan Turai. Jihar da ke son kare matasanta tana da tambayoyin da za ta fuskanta: ko kamfanonin da ba ta ba lasisi ba suna da damar karɓar kuɗin mazauna cikinta, da yadda za ta nemi haɗin kan hukumomin tarayya masu kula da sadarwa da bankuna, da kuma inda wanda caca ta riga ta kama zai je neman taimako.

Tambaya ta ƙarshe ita aka fi mantawa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kuma ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutane a duniya na fama da ita. Alamominta sanannu ne: ƙara yawan zubi, komawa don a fanshe asara, ɓoye wa iyali, cin bashi ko sayar da kadara. Wanda ya kai wannan mataki, gori da tonon asiri kan ƙara tura shi cikin ɓuya ne. Yana buƙatar wani amintacce ya riƙe masa asusu na ɗan lokaci, a tsara yadda zai biya bashinsa, a kuma haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Malaman makaranta da limamai da iyaye a Kebbe da Tambuwal suna da makamin da bai buƙatar kasafin kuɗi. Matashin da aka zaunar aka nuna masa inda naira 100 ta shiga a misalin kwabon nan, ko aka sa shi ya ninka bakwai cikin goma har sau goma da hannunsa, ya sami abin da zai auna duk wani talla da shi. Ko a wasan da ƙwarewa ta fi tasiri, babban abin da shekarun nazari suka koya wa gwanaye shi ne su ajiye karta idan farashi bai yi ba. A allon waya kuwa, kamfani ne ke rubuta farashin, kuma ya cire rabonsa kafin ya nuna shi.